Ruwan Da Na Ƙi Sha A Rugar Inna Dudu

Ran nan a ofis, wata yarinya cikin sababbin da aka ɗauka ta ɗago kai daga wayarta ta ce mini, "Anti Binta, ai ku kun huta a zamaninku. Wayar da kai ai magana ce kawai, a faɗa wa mutane su ji." Sauran suka yi dariya, ni ma na taya su, don abin da na zata ke nan ranar da na fara. To ku gyara zama, ku da kuke tura saƙo da ɗan yatsa ku ce kun kai wa jama'a. Bari in gaya muku yadda ake wannan aiki da ƙafa.

Mu 'yan talla ne, kada wani ya ruɗe ku da manyan sunaye. Bambancinmu da mai tallar gyaɗa shi ne hajarmu ba ta hawa tire. Hali muke sayarwa: wanke hannu, rataya gidan sauro, kai yaro awo. Mai saye kuma ba da kuɗi yake biya ba. Da lokacinsa yake biya, da itacensa, da tafiyar ƙafarsa, wani lokaci har da surutun maƙwabta. In ba ki san abin da maganarki za ta ci wa mace ba kafin ta yi aiki da ita, to ba ki fara aikin ba tukuna.

Na shigo aikin ne ba da daɗewa da komawar mulki hannun farar hula ba, lokacin da Abuja take tashi kamar ƙullin da aka sa wa yis. Ko'ina tifa, ko'ina bulo, ko'ina ƙarar janareto. Mutane suna ta kwararowa, waɗanda cikin gari ya fi ƙarfinsu suna tarewa a Karu da Durumi da bayan duwatsu, inda babu famfo babu kwata. Ƙungiyar da ta ɗauke ni ta haɗa ni da Mama Ladi, wata dattijuwa 'yar Gbagyi wadda ta yi shekaru tana aikin ungozoma kafin ta shigo wannan. Gajera ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta san ta yabi mutum a gabansa ba.

Fitata ta farko Durumi muka je. Na sa takalmi mai tsini, na riƙe fayil, na tsaya a gaban matan da aka tara mana a gindin mangwaro na zuba musu Hausar rediyo. Na yi maganar ƙuda, na yi ta masai, na yi ta allurar rigakafi, na haɗa da tazarar haihuwa. Ina cikin yi na ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan wai goyonta ya jiƙa ta. Da muka koma mota Mama Ladi ta ce, "Ke yarinya, kin gama karanta labarai? Abu goma kin faɗa. Wanne ne mace zai tuna?" Hausarta ke nan, ba ruwanta da namiji ko mace, amma ban taɓa jin wanda bai gane ta ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai allon hotuna na yadi wanda ake naɗewa, akwai bokiti mai ɗan famfo na gwada wanke hannu, akwai lasifika mai shan batir kamar me. Lasifikar ma Mama Ladi ba ta ƙaunarta, cewa take ta masu neman ƙuri'a ce. Ni kuma daga ranar Durumi na ajiye mai tsini na koma silifas. Dokokin Mama Ladi uku ne. Magana ɗaya tak za ki kai gari, ki yi ta nanata ta har yara su haddace. Kada ki zauna a kujera in babbar matar gida tana kan tabarma. Ta ukun ita ce babba. "Ruwan da aka miƙo miki, sha," in ji ta. "Ko ja ne, ko akwai ƙasa a ciki, sha. In kin ƙi ruwan mutum, kin ƙi shi. Ba zai saya maganarki ba." Na sha kuwa. Shekarata ta farko maganin ciki bai rabu da jakata ba.

Aikin da na fi alfahari da shi shi ne na tafasa ruwa. Duk damina amai da gudawa suna ɗibar yara a unguwannin gefe, sai aka ba mu magana ɗaya mu kai: a tafasa ruwa kafin a sha. Aka ba ni wata ruga a bayan Karu, a bakin wani rafi da yake gangarowa daga duwatsu. A nan na haɗu da Inna Dudu. Doguwar tsohuwa ce mai sayar da nono a kasuwar Karu, kuma abin da ta ce a rugar nan shi mata suke yi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗebo ruwan rafi a kofin silba, na shanye. Sai ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yar birni, itacen fa? Ke za ki riƙa kawo mana? Kuma dafaffen ruwa salam yake, ba ya kashe ƙishi."

Gaskiya ta faɗa, kuma babu wannan a allon hotuna. Na yi kusan wata ina zuwa ina zama a bakin murhunta ina kallon yadda take girki, har muka samo dabara tare. In an sauke tuwo, a ɗora tukunyar ruwa a kan sauran wutar, a ƙara kara biyu kawai. In ya tafasa ya huce, a yi ta juya shi daga ƙwarya zuwa ƙwarya ya sha iska, ɗanɗanonsa ya dawo, sannan a zuba a randa. Ranar da Inna ta kurɓa ta ce, "To, wannan ya yi kama da ruwa," na san ciniki ya faɗa. Daminar da ta biyo baya ba a binne yaro ko ɗaya a rugar nan saboda gudawa ba. Sunana ma ya ɓace. Ina sauka daga mota yara za su ruga suna ihu, "Ga Tafasa ta zo!"

Wadda ta fi kowa ihun ita ce Hansai, jikar Inna, wadda uwarta ta rasu ta bar mata ita tana jaririya. A lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba, amma bakinta ya fi na babba. In ta ga wani makiyayi ya duƙa zai sha a rafi, sai ta riƙe ƙugu ta yi masa faɗa da muryata, har da yadda nake ɗaga yatsa. Takan hau cinyata ta buɗe jakata ta ƙirga abin da ke ciki, ta tambaye ni me ya sa ba ni da saniya ko ɗaya alhali ga ni babba. Ina son yarinyar nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Kowane mai sana'a yana da shekararsa marar kyau. Tawa ta zo ne a lokacin da nake ganin na gama ƙwarewa. Garin ya cika da motoci da janareto, tsofaffin batura suka yi yawa, sai wasu suka kafa wurin fasa su da narka su a can saman rafin, bayan wata katanga ta kwano. Daga hanya ana hango baƙin hayaƙi, in iska ta juyo kuma sai ka ji wani wari mai tsami yana kama maƙogwaro. Na sha wucewa ta wurin. Ban taɓa tsayawa na tambayi inda suke zubar da ruwan batirin ba, don ni a kaina ruwa matsalarsa ɗaya ce, kuma na riga na magance ta.

Rafin bai canja launi ba. Ya ma ƙara yin garau, don talibambam da ƙananan kifayen da suke ciki duk sun ɓace. Maruƙa ne suka fara. Sai ka ga maraƙi yana tangaɗi, yana cizon haƙora, ya je ya dafa kansa a jikin bishiya ya tsaya, ido a buɗe amma ba ya gani. Bayan su sai yara. Ba gudawa suke yi ba, ciwon ciki ne da rashin cin abinci da kasala. Na zo wata rana ban ji ihun Hansai ba. Na same ta kwance a bayan Inna, ta yi fari fat, ta riƙe ciki. Na miƙa mata jakata, ta kalla kawai ta kau da kai.

Inna ta ce, "Tafasa, me za mu yi? Ko ruwan ne?"

Na amsa mata da bakin nan nawa, ba tare da na ko yi tunani ba. Na ce, "Inna, ku ƙara tafasawa. Ku bar shi ya daɗe a wuta sosai." Ta ce to. Kuma na san in Inna ta ce to, an gama. Matan rugar nan suka riƙa ƙona itacen da ba su da shi, suna barin tukunya tana ɓararraka har ruwan ya ragu.

Bayan makonni wani likitan dabbobi da makiyayan suka kira saboda maruƙan ya neme ni. Ya riga ya kai jinin dabbobin da ruwan rafin an auna. Ya ce gubar dalma ce, ƙarfen nan mai nauyi da ke cikin batir. Na ce masa ai da sauƙi, mutanena suna tafasawa. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, tafasawa ƙwayar cuta take kashewa. Dalma ba rai gare ta ba balle ta mutu. Ruwan ne yake tashi a tururi, ita kuma ta zauna a tukunya. In kika daɗe kina dafawa, ƙara tara ta kike yi." Na nemi dakali na zauna, ina jin muryata a kunnena tana cewa ku bar shi ya daɗe a wuta.

Na wuce ofis kai tsaye. Ogana mutumin kirki ne, amma mutumin takarda ne. Ya ce, "Madam Binta, kada ki yi gaggawa. Sai an yi mitin an amince da sabon mesej, saƙon da za a kai wa jama'a. In kika je yau kika ce tafasawa ba ta aiki, kin rusa aikin shekaru, gobe kuma su koma shan ɗanyen ruwa ko'ina." Maganarsa ba ƙarya ba ce. Amma mitin sai sati mai zuwa, Hansai kuwa kullum sai ta sha ruwa. Na buga wa Mama Ladi waya, a lokacin ta yi ritaya ta koma Abaji tana noman doya. Ta ji ni har ƙarshe ta ce, "Ke kin faɗa musu, ke za ki je ki warware. Kada ki aika takarda, kada ki aika mutum. Tafi da safe."

Da safe na tafi, ba mota, ba allon hotuna. Inna ta shimfiɗa tabarma kamar kullum. Ta buɗe randa, ta ɗebo ruwa a kofin silbar nan, mai sanyi, garau, wanda ta tafasa da hannunta, ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu. Shekara da shekaru ban taɓa mayar da ruwan kowa ba. Na dubi ruwan, sannan na ajiye shi a ƙasa.

Matan da suke daka suka tsaya. Inna ta dubi kofin, ta dube ni.

"Azumi kike?"

"A'a, Inna."

"To me ya samu ruwana?"

Na ce, "Ba ruwanki ba ne, Inna, maganata ce ta ɓaci. Masu narka batir suna zubar da guba a rafin nan. Wannan gubar wuta ba ta kashe ta. Da na ce ku ƙara tafasawa, kuskure na yi, ƙara mata ƙarfi muka yi. Kada wanda ya sake shan ruwan nan, ko ɗanye ko dafaffe. Ni na faɗa muku wancan, ni ce kuma nake janyewa."

Inna ba ta zage ni ba. Da ma zagina ta yi, da na fi jin sauƙi. Ta juya ta dubi Hansai da ke kwance, ta ce a hankali, "Duk kofin da na ba yarinyar nan, da hannuna na tafasa shi." Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, hawaye suka zubo, ban goge ba. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta kama bakin randar ta karkata ta, ruwan ya malale a tsakar gida. Ta ce wa sauran mata su yi haka. Sannan ta dawo ta tsaya a kaina ta ce, "To ina za mu sha?"

A nan ne aikin gaske ya fara. Akwai bohol a wani ƙauyen Gbagyi a kan tudu, nesa da rafin, amma tafiya ce mai tsawo, da hawa, ga layi. Wannan hajar ta fi ta farko tsada nesa ba kusa ba, kuma mai tallar ta riga ta yi kuskure sau ɗaya. Na je wurin mai unguwar ƙauyen na zauna a ƙasa na roƙe shi, ya yarda matan ruga su riƙa ɗiba bayan azahar, lokacin da layi ya ragu. Na sayi jarka tawa ta kaina. Sati biyu ina zuwa kullum ina hawa tudun nan tare da su, ina saukowa da jarka a ka, wuyana kamar zai karye, su kuma suna yi wa 'yar birni dariya. Dariyar nan ita ce abu na farko da ya ba ni ƙwarin gwiwa. Maza suka kora shanu zuwa wani rafin. Yaran da suka kwanta muka kai su asibiti, Hansai ce ta fi daɗewa a can.

Akwai abin da ni ban ma tuna ba, Inna ce ta tuna. Muna kan tudu ta tsaya ta ce, "Tafasa, shanun nan sun sha ruwan. Nonon da nake kai wa kasuwa fa? Yaran mutane ne suke sha." Na ce zan tambayi likita. Ta ce, "Ki tambaya. Kafin nan ba zan kai ba." Ta kife ƙwaryarta, ta daina zuwa Karu har sai da aka ce mata babu komai, alhali da nonon nan take ci. Ba ni na koya mata wannan ba.

Wurin narka batirin mun rubuta rahoto a kansa har hannu ya gaji. An rufe shi, ya buɗe, an sake rufewa. Daga baya filin ya yi daraja, aka sayar wa masu gina rukunin gidaje, su kuma masu batir suka kwashe kayansu suka yi gaba, ban san bakin rafin wa suka sauka ba. Ogana ya ba ni takardar gargaɗi saboda na fita ba izini, bayan sati ɗaya kuma aka amince da saƙon da na riga na kai. Ban riƙe shi a zuciya ba.

Abin da nake so ku ɗauka, ku yaran yanzu, shi ne wannan. Tun daga shekarar nan ban sake buɗe allon hotuna a wani gari ba sai na bi ruwansu da ƙafa na ga abin da yake samansa. Ina tambayar makiyaya lafiyar maruƙa kafin in tambayi mata lafiyar yara. Maganar da mutane suka ƙi ji ba ta cika ba ni tsoro ba, wannan sai a sake dabara. Wadda take hana ni sukuni ita ce wadda suka ji suka riƙe da hannu biyu, don ita ce za su ci gaba da yi ko bayan duniyar ta canja. Saƙon da kuke turawa a waya, in ya zama kuskure, sai ku goge. Wanda ya shiga tukunyar mutane ba ya goguwa sai kin je da fuskarki.

Hansai ta rayu, alhamdu lillahi. Amma bakin nan nata mai kaifi bai dawo yadda yake ba. Maganarta ta yi nauyi, sai ta tsaya ta nemo kalma kafin ta faɗa. Na ci gaba da zuwa rugar duk sati. Inna tana shimfiɗa mini tabarma, tana tambayar gida, muna hira. Amma ba ta sake miƙo mini ruwa ba. In baƙo ya zo muna zaune, sai ta tashi ta ɗebo masa, ni ta wuce ni. Ban ga laifinta ba, don na san ni na ajiye kofin. Nakan koma mota da ƙishi, ga gorar ruwa a jakata, amma ban taɓa fito da ita a gabanta ba.

Haka muka yi har damina ta zagayo. Wata rana na iso da rana tsaka, na zauna ina fifita da gyale. Inna ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta tashi ta buɗe randa. Ta ɗebo a kofin silbar nan, ta kira Hansai ta ɗora mata a hannu. Yarinyar ta taho a hankali, tana kallon bakin kofin kada ya zube, ta tsaya a gabana. Ta ɗan yi shiru tana nemo maganar, sannan ta ce, "Tafasa, sha."

Inna ta ce daga inda take, ba ta ko kalle ni ba, "Na bohol ne. Amma sai da na tafasa shi, hannuna ya saba."

Na karɓa da hannu biyu na shanye tas. Na miƙa wa Hansai kofin na ce ta ƙaro mini.